Riƙon Marsandi C300 'Yar Tokumbo: Abin Dubawa Kafin Saye da Yadda Ake Kula da Ita

Mutumin da ya daɗe yana hawa Corolla ko Camry, idan Allah ya buɗa masa ya fara tunanin canza mota, sau da yawa ƙaramar Marsandi ce ke fara shiga ransa, wato C300 ƙirar W204, wadda aka sayar a Amurka daga samfurin 2008 zuwa na 2014. Ita ce matakalar farko ta motocin alfarma na Mercedes-Benz, kuma da yake ko autar cikinsu ta haura shekara goma, kuɗin 'yar tokumbo a yau bai yi wa na Camry sa'arta nisa ba. A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, domin kuɗin sayenta ne kawai ya sauko. Man da take buƙata, da kayan gyaranta, da irin hannun da ya kamata ya taɓa ta, duk suna nan yadda suke tun tana sabuwa. Ni kaina samfurin 2010 ce a hannuna, kuma abin da na gani shi ne motar tana da ƙarko ƙwarai, amma ba ta jure wa gyaran "bari mu lallaɓa".

Kafin ka je wurin dillali, ka san wadda kake nema, domin jikin iri ɗaya ne amma injinan sun bambanta. C300 ta 2008 zuwa 2012 tana ɗauke da inji mai silinda shida, lita 3.0, wanda kamfanin ya sa wa lamba M272. Ba shi da turbo, kuma shi ne kanikawanmu suka fi sabawa da shi. Ta 2013 da 2014 an sa mata sabon inji, M276 mai lita 3.5, wanda ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda da matsi mai ƙarfi, don haka ya fi jin jiki idan aka zuba masa gurɓataccen mai. Akwai kuma C250 da ta fito daga 2012, mai silinda huɗu, lita 1.8, da turbo. Ana son ta saboda sauƙin shan mai, sai dai an san ta da matsalar sarƙar taimin, wato sarƙar da ke daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawulolin inji; idan aka tayar da ita da sassafe ka ji ƙara ta 'yan daƙiƙoƙi kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, to sarƙar ce ta fara sakwarkwacewa. A ganina, wanda zai fara riƙe Marsandi ya nemi C300 ta 2009 zuwa 2011 mai jan ƙafafun baya kawai. Mai 4MATIC, wadda ke jan ƙafafu huɗu, ta fi amfani ne a ƙasashen da ake dusar ƙanƙara, a titunanmu kuwa ƙarin shan mai ne da ƙarin kayan da za su iya lalacewa.

Dalilin da ya sa na tsallake 2008 shi ne, injinan M272 na farko sun fito da aibi a wani ƙarfe mai rage girgizar inji da kanikawa ke kira balans shaf. Haƙoran giyarsa sukan cinye, taimin ya goce, fitilar inji ta kama, kwamfuta ta nuna lamba P0016 ko P0017. Gyaran sai an sauke injin gaba ɗaya. Kamfanin ya gyara aibin daga baya, kuma ba kowace 2008 ce ke da shi ba, amma da lambar inji ake tantancewa, ba da rantsuwar mai sayarwa ba. Sai kuma bambancin Sport da Luxury. Sport ita ce mai babban tauraro a tsakiyar hanci. Ta fi yin ƙasa, ƙafarta ta fi tauri, tayoyin bayanta sun fi na gaba faɗi. Luxury ita ce mai tauraro a tsaye bisa bonet, ta fi laushi. Samari sun fi son Sport, amma wanda hanyar gidansa ke da ramuka zai fi jin daɗin Luxury.

Idan ka ga wadda ta kwanta maka a rai, kada ka fara da duba fenti da kujerun fata. Ka fara da lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, wadda ake gani a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma a jikin ƙofa. Yawancin waɗannan motoci daga gwanjon Copart ko IAAI aka sayo su, kuma da dama sun shiga gwanjon ne bayan hatsari ko ambaliya. Idan ka rubuta lambar a intanet, sau da yawa hotunan motar na ranar gwanjo za su fito, rahoton Carfax, kamfanin da ke ajiye tarihin motocin Amurka, kuma zai nuna maka mil nawa ta yi a lokacin da aka rubuta na ƙarshe, sai ka gwada da abin da agogon motar ke nunawa yanzu. Ka tuna cewa motar Amurka da mil take lissafi, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne, saboda haka mil 120,000 ya haura kilomita 190,000. Motar da aka buga ta gefe aka gyara da kyau ana iya sayenta a kan farashin da ya dace da tarihinta. Wadda ta sha ruwa kuwa, ko da araha aka ba ka, ka bar ta, domin wayoyinta da ƙwaƙwalenta, wato ƙananan kwamfutocin da ke sarrafa ta, za su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya har ka gaji. Ka ɗaga kafet, ka shinshina, ka duba ramin tayar safaya da ƙarafan ƙarƙashin kujera ko akwai laka ko tsatsa. Da wannan lambar dai za ka duba a shafin hukumar NHTSA ta Amurka ko an canza jakar iskar kariya daga hatsari ta kamfanin Takata, wadda aka yi kira a dawo da ita a canza saboda takan fashe da ɓaraguzan ƙarfe, kuma zafi da laima ne ke ƙara mata haɗari. Takardun kwastan ma da lambar shasi ake tantance su, kuma tun da aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga Janairun 2017, 'yar Kwatano da ba ta da sahihiyar takarda rigima ce ka saya da kuɗinka.

Bayan takardu, sai a ɗaga motar a shiga ƙarƙashinta da tocila. Abin da ya fi muhimmanci a gani shi ne ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun baya, wanda ake kira sabfirem. A jihohin Amurka masu sanyi gishiri ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara, shi kuma wannan ƙarfe a W204 daga ciki yake ruɓewa, har ta kai mota ta riƙa karkata idan aka taka birki. A ƙwanƙwasa shi da guduma a ji, a duba bututun birki da ke kusa da shi, kuma idan ka ga an fesa sabon baƙin fenti a wurin kawai, ka tambayi dalili. Ka duba salansa ko an yanka an sake walda, domin akwai masu cire abin tace hayaƙin nan da kanikawa ke kira indomi su sayar, tunda yana ɗauke da ƙarafa masu tsada. Daga nan a jona kwamfuta. Ƙaramar na'urar da ake sayarwa a kasuwa inji kawai take karantawa, ita kuwa Marsandi tana da ƙwaƙwale da yawa, na giya daban, na birki daban, na jakar iska daban, shi ya sa ake neman mai na'urar Xentry, wadda aka fi sani da Star. Ka tsaya a kan a tayar da motar a gabanka injin yana da sanyi, ka tuƙa ta aƙalla minti 20 har ta ɗauki zafi, kuma ka nemi makullai biyu, domin yin sabon makullin Marsandi ba aikin mai yankan makulli na bakin titi ba ne.

Ko da motar ta tsallake duk wannan, kada ka ƙarar da kuɗinka kakaf a wurin saye. Shawarata ita ce ka ware kamar kashi ɗaya cikin goma na kuɗin motar domin sabis na farko, ka ɗauka cewa duk wani mai da ruwa da ke cikinta ya tsufa har sai ka canza shi da idonka.

Baƙin mai shi ne farko. Injin M272 yana cin lita 7 zuwa 8, gwargwadon ko mai 4MATIC ce ko a'a, wato kusan galan biyu, kuma man da ake so shi ne mai ɗauke da amincewar MB 229.5 a bayan galan, yawanci 5W-40 ko 0W-40. Za a sami wanda zai ce maka ƙasarmu da zafi, a zuba mai kauri 20W-50. Kada ka yarda. Wannan injin da matsin mai yake juya taimin ɗinsa ta wasu ƙananan hanyoyi, kuma mai kauri ba ya isa gare su da wuri lokacin tayarwa. Motar da kanta, daga samfurin 2009, takan nuna Service A ko Service B bayan mil 10,000 ko shekara guda, amma wannan lissafin ba a yi shi da ƙurar hunturu da cunkoson Kano a zuciya ba, don haka ni a kilomita 7,000 zuwa 8,000 nake canzawa, tare da filta kowane lokaci. Jabun mai ya yi yawa a kasuwa, saboda haka ka saya da kanka a wurin babban dila, a buɗe galan a gabanka, ka kuma tafi da fankon. Filtocin iska biyu ne a cikin murfin da ke saman injin. A bubbuɗe su a tsakiyar hunturu, a canza su idan ya wuce, haka ma filtar na'urar sanyaya mota. Idan ka fara ganin ɗigon mai a inda kake ajiye ta, galibi robobin da ke kusa da gidan filta ne ko ƙananan murafen bayan inji suka bushe, kuma gyaransu ba shi da tsada idan an yi da wuri.

A batun zafin inji ne na yi kuskuren da na fi nadama. Watanni kaɗan da sayen motar, a tsakiyar Afrilu, ina cikin cunkoso da azahar sai na ga allurar zafi ta hau wajen 95. Hankalina ya tashi, na shiga garejin da ya fi kusa. Bakanike ya taɓa tiyon lagireto, ya girgiza kai, ya ce ai tamostat, wato na'urar da ke daidaita zafin inji, na ƙasar sanyi ne, a nan cire shi ake yi. Ya fasa gidan ya zare cikinsa, mai gyaran waya kuma ya sa fanka ta riƙa gudu tun daga tayarwa har kashewa. Na tafi ina murna allura ta sauko ƙasa da 80. Ba a yi sati biyu ba fitilar inji ta kama, motar ta ƙara shan fetur, ƙarar fanka kuma kamar ta injin niƙa. Da na kai ta wurin wanda ya san Marsandi, ya jona kwamfuta ya nuna mini lamba P0128, sannan ya yi mini bayanin cewa an ƙera injin ne ya yi aiki tsakanin digiri 80 da 100, kuma idan bai kai wannan zafin ba, ƙwaƙwalwar motar ɗauka take yi har yanzu safiya ce, sai ta ci gaba da ƙara fetur, fetur ɗin da bai ƙone ba kuma ya wanke man jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai. Na sayi sabon tamostat, aka maido da fanka yadda take, na sake canza man da bai yi wata guda ba. Abin da ya kamata in yi tun farko shi ne in duba ruwan, in sa a wanke ƙurar da ta toshe gaban lagireto. Ruwan da ake zubawa kuwa ba na famfo ko na rijiya ba ne, domin yana barin ƙanzo da tsatsa a cikin injin alminiyam. Ruwan sanyaya inji ne mai lamba MB 325.0, a gauraya shi rabi da rabi da tataccen ruwa. Idan allura ta doshi 120, ka tsaya nan take ka kashe, kada ka ce bari in ƙarasa gida.

Giyar motar, 7G-Tronic mai hawa bakwai, ita ma tana da sharuɗɗanta. Ba ta da sandar auna mai. Ta ƙasa ake cika ta da famfo, a daidaita yawan man lokacin da zafinsa ya kai digiri 45 a kwamfuta, saboda haka duk wanda ya ce zai ƙara maka man giya da mazurari bai san aikin ba. Mai iri biyu ne: ja mai lamba 236.14 na tsofaffin, da shuɗi mai lamba 236.15 na da yawa daga waɗanda aka ƙera daga wajen tsakiyar 2010. Ba a haɗa su, kuma da lambar shasi ake gane wanda ya dace. A canza shi da filta da robar kasko a kowane kilomita 60,000. Idan wata rana motar ta maƙale a giya ɗaya ta ƙi canzawa, kada ka bari a yi gaggawar ce maka giyabos ya mutu. Sau da yawa farantin lantarkin da ke cikinsa ne ya sami matsala, kuma ana gyara shi ko a canza ba tare da an sauke giyar ba.

Akwai wata lalura da kusan duk mai W204 ya ji labarinta, wato makullin sitiyari na lantarki da ake kira ESL. A ƙa'ida, idan ka sa makulli za ka ji wata 'yar ƙara ta sakin sitiyari. Ranar da ƙaramin injin lantarkin da ke cikinsa ya ƙone, makulli zai juya amma motar ta yi shiru, ko fitilun dashbod ba za su kama ba. Yawanci takan yi gargaɗi tukuna: yau ta tashi, gobe sai an zare makulli an mayar sau biyu ko uku. A wannan lokacin ne gyaran ke da sauƙi, ko a canza ɗan injin lantarkin, ko a sa na'urar da ke maye gurbinsa, domin idan ya mutu sitiyari yana kulle, sai an kwance sandar sitiyarin kafin a kai gare shi. Batir mai rauni ma yana haddasa fitilun gargaɗi barkatai, don haka a gwada shi kafin a fara canza wasu kaya. Kuma ka gargaɗi masu wankin mota kada su buɗe bonet su fesa ruwa mai matsi, saboda akwatin fis da ƙwaƙwalwar da ake kira SAM a nan suke. Tsumma mai laima ya wadatar.

Ƙafafun motar su ne ke ɗaukar wahalar titunanmu. Bushin da shokozoba da kujerun inji, waɗanda ruwa ne a cikinsu, sukan gaji da wuri. Idan ka ji sitiyari na rawa motar tana tsaye a giya, kujerun injin ne suka zauna. Tayoyin Sport 225/45R17 ne a gaba, 245/40R17 a baya, don haka ba a musanya na gaba da na baya, kuma da yake gefensu siriri ne, rami ɗaya da gudu ya isa ya kumbura taya ko ya lanƙwasa rim. Ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe da ke bayan rubutun DOT a jikin taya: biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2322 na nufin sati na 23 a 2022. Man birki DOT 4 ne, ana canza shi duk shekara biyu ko da bai ragu ba, saboda yana tsotsar laima.

Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lissafin mai ya zama dole kafin saye. Tankinta lita 66 ne, kuma tana shan kimanin lita 13 a kowane kilomita 100 cikin gari, lita 9 zuwa 10 a babbar hanya, wato daga Kano zuwa Kaduna ka tanadi lita 20 da 'yan kai. An ƙera injin ne don fetur mai lambar inganci (oktan) 95, a yawancin gidajen manmu kuwa iri ɗaya ake sayarwa. Injin M272 yana iya rage wa kansa ƙarfi ya daidaita, amma ka taimake shi: ka tsaya a gidan mai ɗaya ko biyu da ka yarda da su, ka guji na 'yan bumburutu, kuma kada ka saba barin tanki ya faɗi ƙasa da kwata, domin famfon mai a cikin tankin yake kuma fetur ɗin ne ke sanyaya shi.

Game da kayan gyara, ana samun su a Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Apo a Abuja, da Ladipo a Legas, sababbi da na tokumbo. Fitila, madubi, ƙofa da rim, na tokumbo ba laifi. Amma filta, bel, tamostat, fulogi, firikwensin da kayan birki, sababbi za ka nema daga kamfanonin da ke yi wa Mercedes kaya tun asali, irin su Bosch, Mann, Mahle da Lemförder, ka kuma je da lambar kayan ba sunansa kawai ba. Bakaniken da ya cancanci motar za ka gane shi da cewa kwamfuta yake fara jonawa kafin ya ɗauki sifana, yana nuna maka lambar matsalar, kuma yana dawo maka da tsohon kayan da ya cire. Idan ka same shi, ka zauna da shi, kada ka riƙa yawo da motar gareji-gareji. Inshorar dole ta motar gida naira 15,000 ce tun Janairun 2023, amma ita wanda ka buge take biya, ba motarka ba, kuma mota mai irin tsadar fitilu da bamba na wannan ta cancanci a yi tunanin cikakkiyar inshora ko takaful.

Ka sayi ƙaramin littafi ka ajiye a aljihun dashbod. Duk abin da aka yi wa motar ka rubuta kwanan wata, da lambar da agogo ke nunawa, da irin man da aka zuba, da lambar matsalar da kwamfuta ta fitar, ka maƙala rasit a shafin. A shafin farko ka rubuta lambar shasi, da lambar inji, da launin man giyarta, domin ranar da ta tsaya maka a garin da ba ka san kowa ba, waɗannan ukun ne bakanikenka zai fara tambayarka a waya.